Yadi 7,000 Ba Na Kowa Ba Ne: Golf a Guangzhou da Rigimar Zaɓen Mafari

Duk ɗan kasuwar Kantin Kwari da ya taɓa saro kaya a Baima ya san cewa lambar da ke wuyan riga ba abin dogaro ba ce. Rigar da aka liƙa wa XL a Guangzhou, in ta iso Kano, sai ta cije a ƙirjin matashi ta ƙi sauka. Shi ya sa gogaggen mai saro kaya ba ya ɓata lokaci wajen karanta takarda. Tef yake zarowa daga aljihu, ya auna kafaɗa, ya auna tsawo, ya ja ɗinki ya gani ko zai buɗe, sannan ya ce a ɗaure masa dozin hamsin. Kasuwar Baima, wadda aka buɗe a 1993 a titin Zhannan, daf da babbar tashar jirgin ƙasa ta birnin, bene ce hawa-hawa maƙare da tufafi, kuma baƙi da yawa da kuɗinsu suka sayi wannan darasi a cikinta.

Abin mamakin shi ne, mutumin nan mai tef a aljihu, ranar da aka kai shi filin golf sai ya manta da awo gaba ɗaya.

Ba kowane mai saro kaya ne ke buga golf ba, kaɗan ne ma. Amma akwai waɗanda suka riƙe sanda a kulob ɗin Kano, ko na Kaduna, ko Zariya, ko filin IBB na Abuja. A kudancin ƙasar Sin kuma, gayyatar abokin ciniki zuwa filin golf na cikin hanyoyin da mai masana'anta ke karrama baƙon da yake son riƙewa, musamman a watannin Afrilu da Oktoba da ake baje kolin Canton. Filin golf ɗin ma ba nisa. Daga tashar jirgin ƙasa, tsayawa ɗaya ce a layi na 5 na jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa Xiaobei, unguwar da mutum zai ji Hausa da Bambara da Faransanci a bakin titi ɗaya. Daga Xiaobei titin Luhu ya miƙe arewa zuwa gindin dutsen Baiyun, inda filin Luhu mai rami 18 ke kwance a cikin gari. Wanda ke da mota da yini guda yana iya zarcewa Dragon Lake a gundumar Huadu, inda aka buga golf na wasannin Asiya a 2010, ko ya gangara kudu zuwa Mission Hills, tsakanin Shenzhen da Dongguan.

Ko'ina ya je, abin da zai fara tararwa ɗaya ne. A bakin rami na farko akwai dandamali huɗu ko biyar a jere, wannan gaban wancan, kowanne da alama mai launi: baƙi ko ruwan zinare can baya, sai shuɗi, sai fari, sai ja a gaba. Su ne mafarai, abin da 'yan wasa ke kira ti, wurin da ake ɗora ƙwallo a kan ɗan tsinke a yi bugun farko. Yarinyar da ke kula masa da jaka, domin a yawancin filayen Sin kadi dole ce kuma galibi mata ne, za ta nuna su da hannu ta tsaya jira. Cikin daƙiƙa biyar zai yanke hukuncin da zai bi shi awa huɗu ko biyar. Sau da yawa abin da ke yanke masa shi ne inda ya ga mai masaukinsa ya nufa, ko gudun kada a ce Alhaji ya tsaya a gaba.

Abin da yadi ke cewa

Golf wasa ne na ƙidaya. Kowane rami yana da ƙa'idarsa, bugu uku ko huɗu ko biyar, jimilla 72 a yawancin filaye. An gina wannan ƙa'ida ne a kan zaton cewa ɗan wasa zai hau girin, wato shimfiɗaɗɗiyar ciyawar da ramin ke cikinta, da sauran bugu biyu a hannunsa na gangarawa. Rami mai ƙa'idar huɗu kenan a bugu na biyu ake son a hau girin ɗinsa. Idan nisan ya fi ƙarfin mutum ta yadda ko ya yi mafi kyawun bugunsa sau biyu a jere ba zai kai ba, to a wurinsa ramin ya zama mai ƙa'idar biyar, ko da me katin maki ya rubuta.

Filayen Sin da yadi suke awo. Ƙwararrun gasar PGA ta Amurka suna tura ƙwallo wajen yadi 300 da babbar sanda, wadda ake kira direba. Binciken da hukumar R&A ta St Andrews ta daɗe tana yi a kan 'yan kulob a Birtaniya ya nuna matsakaicin namiji yana tsayawa ne wajen yadi 215, mace kuma wajen 150. A ɗauki rami mai yadi 430 daga mafarin baya. Ƙwararre ya buga 300, saura 130, ya zaro gajeren ƙarfe, wato gajeriyar sanda mai kan ƙarfe, ya cilla ƙwallo sama ta sauko kusa da tuta ta zauna. Alhaji ya buga 200, saura 230, nisan da ya fi bugunsa na farko, ga shi yanzu ƙwallon a ƙasa take ba a kan tsinke ba. A cikin sanduna 14 da doka ta yarda ya ɗauko babu wadda za ta kai shi. A matsar da shi gaba, ramin ya koma yadi 350: ya buga 200, saura 150, ƙarfe mai lamba 5 ko 6 ya isa. Sai a nan ne wasan da yake yi ya fara kama da wanda aka zana ramin dominsa.

Wannan ne abin da Barney Adams, Ba'amurken da ya kafa kamfanin sanduna na Adams Golf, ya yi ta nanatawa, har hukumar golf ta Amurka, USGA, da ƙungiyar malaman golf ta ƙasar suka ɗauki maganarsa a 2011 suka fito da kamfen ɗin Tee It Forward, ma'ana a matsa gaba. A lissafin Adams, ɗan kulob da ke buga fili mai yadi 6,700 daidai yake da a tura ƙwararre fili mai yadi 8,100, tsawon da ba a taɓa sa musu a babbar gasa ba. Jadawalin da aka raba ya ce mai tura yadi 250 ya nemi fili mai 6,200 zuwa 6,400. Mai 225 ya nemi 5,800 zuwa 6,000. Mai 200 kuwa 5,200 zuwa 5,400. Akwai kuma lissafin baka da malamai ke bayarwa: nisan da ƙarfenka mai lamba 5 ke kaiwa, ka ninka shi sau 36. Mai kai yadi 150 ya tashi da 5,400. Sai ya duba kati ya ga wane launi ya fi kusa da wannan jimilla. Da wuya amsar ta zama shuɗi.

Akwai dalilin da ya sa filayen wannan yanki suke da tsawo da tsauri haka. A lardin Guangdong aka haifi golf ɗin Sin na zamani. Bayan juyin juya halin 1949 wasan ya ɓace daga ƙasar, an ɗauke shi shagalin 'yan jari-hujja, sai a 1984 attajirin Hong Kong Henry Fok ya buɗe filin Chung Shan Hot Spring a Zhongshan. Kamfanin Arnold Palmer ne ya zana shi, leburori suka gina shi da shebur da kwando. Shekara goma bayan nan David Chu ya buɗe Mission Hills da filin da Jack Nicklaus ya zana, aka buga gasar cin kofin duniya ta golf a kansa a 1995. Daga nan sai ƙari: Nick Faldo, Ernie Els, Annika Sorenstam, Greg Norman, da Vijay Singh, wanda ya ci gasar Nigerian Open a Ikoyi a 1988 da 1989 tun duniya ba ta san shi ba, kowa da filin da ke ɗauke da sunansa. A 2004 kundin Guinness ya ayyana wurin a matsayin cibiyar golf mafi girma a duniya, daga baya ya kai fili 12, rami 216. Filin José María Olazábal kaɗai yana da ramukan yashi sama da 150.

A 2004 ɗin dai gwamnatin tsakiya ta hana gina sababbin filaye don kare gonaki da ruwa. Hanin bai hana ba: daga ƙasa da 200 suka haura 600, ana fakewa da sunan wurin shaƙatawa ko lambun motsa jiki. Sai a 2015 aka rufe 66, a farkon 2017 kuma hukuma ta ce waɗanda aka rufe sun kai 111. Abin da ya shafi mai zaɓen mafari a wannan tarihi shi ne, yawancin filayen nan ba don masu koyo aka gina su ba. An gina su ne don a sayar da katin memba mai tsada da gidajen da ke kewaye, kuma abin da ke jawo mai saye shi ne sunan shahararren mai zane da lambar da ta haura 7,000 a takardar talla. Baƙin mafari a irin wannan fili ado ne, sai ranar gasa ake morar sa.

Lambobi biyu a jikin kati

Tsawo ne babban abin da ke sa fili wuya, amma ba shi kaɗai ba ne. A filin da aka auna bisa tsari, jikin katin rubuta maki yana ɗauke da lambobi biyu kusa da kowane launi, misali 72.4 da 135. Kaɗan ne ke kallonsu.

Ta farko ita ce kimar fili: yawan bugun da ake sa ran gwani zai yi daga wannan mafari a ranar da yanayi yake daidai. Gwani a nan shi ne marar rangwame, rangwame kuwa shi ne abin da 'yan kulob ke kira handikaf, yawan bugun da ake yafe wa mutum gwargwadon rauninsa. Ta biyu, wadda ake kira sulof, ta fi ban sha'awa, domin tana auna yadda wuyar fili ke ƙaruwa a kan mai rauni fiye da yadda take ƙaruwa a kan gwani. Tafkin da ya ƙare a yadi 180 daga mafari, gwani ko ganinsa ba ya yi, ta sama ƙwallonsa ke wucewa. Ga mai buga 190 kuwa, tafkin nan shi ne ramin gaba ɗaya. Dean Knuth, wani tsohon hafsan sojan ruwan Amurka, shi ya tsara wannan awo, USGA ta fara aiki da shi a faɗin ƙasar a 1987. Lambar tana farawa daga 55 ta tsaya a 155, kuma 113 ce ma'aunin da ake gwada kowane fili da shi.

Masu awon suna bin fili rami-rami da mutum biyu na zato a ransu. Ɗaya gwani ne mai tura yadi 250, ya kai 470 a bugu biyu. Ɗayan mai rangwame wajen 20 ne, yana tura 200, ya kai 370 a bugu biyu. Duk inda ƙwallon kowannensu za ta sauka sai su tsaya su duba: faɗin hanya a nan nawa ne, akwai ruwa ko yashi ko bishiya kusa, ƙasar a miƙe take ko a karkace, ciyawar gefe tana haɗiye ƙwallo ko tana saki, girin yana da faɗi, yana da santsi. Har fargabar da rami ke jefa wa mutum suna ba ta maki. Tazarar da ke tsakanin sakamakon mutum biyun ita ake juyawa ta zama sulof.

Ga inda wannan ya amfani mai tsoron a ce ya gudu gaba. Tun 2020 da USGA da R&A suka haɗe tsare-tsaren rangwame shida na duniya suka zama ɗaya, abin da ake yafe wa mutum yana canzawa da mafarin da ya hau. Ana ninka rangwamensa da sulof, a raba da 113, sannan a ƙara ko a rage bambancin da ke tsakanin kimar fili da ƙa'ida. A ƙaddara mutum mai rangwame 18 a fili mai ƙa'idar 72. A mafarin baya mai kima 74.0 da sulof 140 za a yafe masa bugu 24, in ya tashi da 96 ya yi daidai. A farin mafari mai kima 69.5 da sulof 124 bugu 17 za a yafe masa, sai ya yi 89 kafin a ce ya kai. Wato wanda ya matsa gaba bai ci bulus ba, an karɓe masa bugu bakwai tun a bakin ƙofa. Mutum huɗu na iya fita tare, biyu a shuɗi, ɗaya a fari, ɗaya a ja, su yi gasa ta gaskiya ba wanda ya cuci wani. Hujjar da aka fi kafawa, wai dole kowa ya tashi daga wuri ɗaya don a yi adalci, lissafi ya rushe ta.

Gudun ƙasa na Kano

Akwai tarkon da ya keɓanta da ɗan wasan da ya koya a Arewa. Tambaye shi nisan direbansa, zai ce 240, kuma ba ƙarya yake ba. A watan Janairu ko Maris a Kano ƙasa ta bushe ƙamas, ƙwallon da ta yi yadi 190 a sama sai ta sauka ta yi ta tsalle tana gudu, ta ƙara arba'in ko hamsin. Kadi ya hango inda ta tsaya ya ce, "Yallaɓai, yau hannu ya yi kyau." Rabin yabon na rani ne. A Rayfield ta Jos, filin da aka kafa a 1913 zamanin Turawan haƙar kuza, akwai ƙarin alheri: tudun ya kai wajen mita 1,200 sama da teku, iska ba ta da kauri, ƙwallo na ƙara nisa.

Guangzhou kuwa a bakin kogin Zhujiang take, kusan daidai da teku. Tana samun ruwan sama fiye da milimita 1,700 a shekara, wajen ninki biyu na Kano, mafi yawansa daga Afrilu zuwa Satumba. Ciyawar a jiƙe take, ko ba damina ma ana ba ta ruwa. Inda ƙwallo ta faɗi kusan nan take tsayawa, wani lokaci ta nutse rabi a laka. Mai 240 a Kano sai ya wayi gari mai 195. Tafki ko kwazazzabon da ke gaban mafari kuma ba ruwansa da gudun ƙasa, abin da ya sani shi ne nisan da ƙwallo ta yi a sama. Masu auna filaye sun san da haka, shi ya sa gudun ƙasa da iska da tsayin wuri suna cikin abubuwan da suke gyara tsawon fili da su. A Lijiang ta lardin Yunnan akwai filin Jade Dragon mai yadi 8,548, amma da yake yana kan tudu sama da mita 3,000, ba ya buguwa da tsawon da takarda ta nuna.

Girin ɗin ma wani karatu ne. Shekaru da dama filayen Najeriya, daga Kano har Ikoyi, ba ciyawa ce a bakin rami ba, yashi ne da aka cakuɗa da baƙin mai, ana ce masa buraun, ana share wa ɗan wasa layi kafin ya gangara. Buraun yana riƙe ƙwallo, kuma ba ya da yawan murɗiya. A kan irinsa ne Baturen Ingila Peter Tupling ya buga 255 a zagaye huɗu a Ikoyi a 1981, bugu 29 ƙasa da ƙa'ida. Tupling gwani ne, amma ba shi ne zakaran zamaninsa ba, filin ne ya ba da hannu. Wanda ya saba da buraun, ko da girin mai kauri marar gudu, in ya hau girin mai santsi da gangare na Guangdong zai yi ta gangarawa sau uku a rami. Asarar da zai yi a girin babu mafarin da zai dawo masa da ita. Sai dai ya rage ta a wani wuri, kuma wurin da ke hannunsa shi ne tsawo.

Yaron Guangzhou a Augusta

Masu son mafarin baya suna da labarin da za su kafa hujja da shi, kuma daga garin nan ya fito. Guan Tianlang, ɗan Guangzhou, ya ci gasar Asiya da Fasifik ta waɗanda ba sa wasa don kuɗi a Thailand a Nuwamban 2012, nasarar da ta ba shi tikitin gasar Masters a Augusta ta Amurka a Afrilun 2013. Shekararsa 14 da wata biyar. Filin yadi 7,435 ne, shi kuwa direbansa wajen 250 take kaiwa, ta yadda a ramukan da manya ke zaro gajeren ƙarfe shi sai doguwar sanda. Duk da haka ya buga 73 da 75, ya tsallake zuwa kwana biyun ƙarshe, mafi ƙarancin shekaru da ya taɓa yin haka a tarihin Masters. Ya ƙare da 300, ya karɓi kofin azurfa na wanda ya fi cikin waɗanda ba sa wasa don kuɗi.

Ga shi nan, za su ce, gajeren bugu ba ya hana buga dogon fili. Sai dai a duba yadda ya yi. A rami 72 bai taɓa wuce ƙa'ida da fiye da bugu ɗaya ba, kuma bai gangara sau uku a girin ko ɗaya ba, alhali girin ɗin Augusta sun fi na ko'ina suna wajen santsi. Yaro ne da ya riƙe sanda tun yana ɗan shekara huɗu. Kuma ko shi bai fita ba tabo ba: ranar Juma'a, a rami na 17, alƙalin wasa John Paramor ya ci shi tarar bugu ɗaya saboda jinkiri, yana ta auna iska yana canza sanda, tarar da ta kusa hana shi tsallakewa. Abin da labarin Guan ke nunawa shi ne irin gwanintar da ake buƙata kafin mutum ya tsira a filin da ya fi ƙarfinsa. Mai zuwa fili sau biyu a wata ba shi da ita.

Misalin da ya fi dacewa da ɗan kasuwa shi ma daga Guangzhou yake. Feng Shanshan, wadda aka haifa a birnin a 1989, ta ci babbar gasar LPGA Championship a 2012, karon farko da wani daga babban yankin Sin, namiji ko mace, ya ci irinta, ta kuma hau matsayi na ɗaya a duniya a Nuwamban 2017. A wasannin Olamfik na Rio a 2016 ta ci tagulla. Fili ɗaya maza da mata suka buga a Rio, amma maza daga yadi 7,128, mata daga 6,245. Ba wanda ya ce tagullar Feng ta ragu don ta tashi daga gaba. 'Yar garinsu Lin Xiyu ta maimaita tagullar a Paris a 2024. Mata irin waɗannan suna tura ƙwallo wajen yadi 250, a miƙe, bugu bayan bugu, kuma filayen gasarsu ba su cika wuce 6,700 ba. To magidanci mai tumbi ɗan shekara 55, da ke buga 200 in ya dace, me ya kai shi 6,800?

Amsar gaskiya ita ce kunya, da girman kan da Hausawa suka ce rawanin tsiya ne. An daɗe ana kiran jan mafari na mata, na bayansa na tsofaffi, kuma babu magidancin da ke son a gan shi a kai gaban abokin ciniki. Amma babu dokar golf da ta ɗaura launi da jinsi ko shekaru. Abin da doka ta ce kawai, a buga daga tsakanin alamomi biyu, kada a wuce su gaba, kada a ja baya fiye da tsawon sanda biyu. Kulob-kulob da yawa a Turai da Amurka yanzu suna auna kowane mafari ga maza da mata duka, wasu ma sun sauya launukan ko sun koma lamba don a huta da maganar.

Abin kuma bai tsaya a kan mai girman kan shi kaɗai ba. Duk ƙwallon da ta faɗa ruwa ko duhuwa lokaci take ci. Tun 2019 doka ta rage neman ɓatacciyar ƙwallo daga minti biyar zuwa uku, ta kuma ba da shawarar kada bugu ya wuce daƙiƙa 40. Mutum huɗu da kowannensu ya ƙara bugu goma saboda sun hau mafarin da ya fi su, bugu arba'in kenan, ga nema, ga komawa. Zagayen awa huɗu ya zama biyar da rabi cikin zafin Guangzhou mai ɗanko, na baya suna tsaye hannu a ƙugu, mai kula da fili ya taho a 'yar motarsa. La'asar ta wuce, Magariba na neman kubcewa. Mai masaukin da ya gayyato baƙo don su yi hira a tsanake su daidaita farashi ya ƙare yana taya shi leƙen ciyawa. Ba zai ce komai ba, domin kunyata baƙo ba ɗabi'ar mai neman ciniki ba ce, amma ba lallai ya sake gayyata ba. Wanda ya buga 95 daga gaba da sauri da fara'a ya fi daɗin tafiya a kan wanda ya buga 115 daga shuɗi yana huci.

Ga wanda tafiyarsa ta gaba za ta haɗa da irin wannan gayyata, aikin na minti talatin ne. Guangzhou na da wuraren atisaye, har da na cikin ɗaki masu na'urar da ke auna nisan ƙwallo a sama. Ya buga goma da direba, goma da ƙarfe mai lamba 5, ya jefar da mafi kyau biyu domin su ne masu ruɗi, ya ɗauki matsakaicin sauran. Ranar wasa ya karɓi kati tun a ofis, ya duba jimillar yadi da sulof na kowane mafari, kada ya bi launi, domin shuɗin wani fili farin wani ne. In lamba biyu suka yi kusa ya ɗauki gajeren, musamman in an kwana ana ruwa. In mai masauki gwani ne ya nufi baya, a bar shi ya tafi, a haɗu a hanya, tsarin rangwame ya riga ya raba musu gardama. Mai tura yadi 200 wurinsa na tsakanin 5,200 da 5,400, kuma a filin da mafarin bayansa ya haura 7,000, wannan lamba galibi ta fi kusa da ja a kan fari.